Cape Verde da tsibirinta na sha ɗaya

Daren Litinin, 13 ga Oktoba 2025, muna zaune a teburin mai shayin bakin layinmu bayan isha'i, sai wani yaro ya ɗago kai daga wayarsa ya ce Cape Verde ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya, Kamaru kuma ta koma jiran wasan cike gurbi. Teburin ya ɗan yi tsit, domin a daren nan mu ma ba mu san makomarmu ba, sai washegari Super Eagles za ta kara da Benin a Uyo. Alhaji, maƙwabcina, wanda tun zamanin Raccah Rovers yake bin ƙwallo, kuma ba a taɓa kayar da shi a musu ya yarda an kayar da shi ba, ya ajiye kofinsa ya ce: "Ku daina ruɗin kanku. Wace ƙasa? Ai 'yan haya ne. An bi Holan da Fotugal da Faransa an tsinto yaran da aka rasa yadda za a yi da su, an zura musu shuɗiyar riga."

Na ce, "To Alhaji, su Ekong da Lookman, namu da aka haifa a Turai, fa?"

Ya ce, "Kai dai sha shayinka."

Na sha shayina, domin ba a ja da babba a gaban yara. Amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma tun daga ranar na ji ta a bakin mutane da dama, har da masu sharhin wasanni da ya kamata a ce sun fi Alhaji bincike. Ni a ganina kalmar haya ba ta dace da wannan tawaga ba ko kaɗan, kuma duk wanda ya faɗe ta bai leƙa tarihin tsibiran ba.

Cape Verde tsibirai goma ne a cikin tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da Dakar. Tara ne ke da mutane. Idan aka haɗa faɗinsu duka murabba'in kilomita 4,033 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na jihar Kano. Mutanen da ke zaune a kansu ba su wuce rabin miliyan da 'yan kai ba; ƙaramar hukumar Nasarawa kaɗai a cikin birnin Kano ta tasam ma 600,000 tun a ƙidayar 2006. Lokacin da Turawan Fotugal suka iso wajejen 1460 babu kowa a wurin. Su suka kafa gari a 1462, suka mai da shi zangon cinikin bayi, inda ake sauke mutanen da aka kamo daga gaɓar Afirka ta Yamma kafin a haye da su. Daga cakuɗuwar nan al'ummar ta fito, da harshenta na Kriolu.

Abin da ya fi komai sassaƙa rayuwar mutanen nan shi ne rashin ruwan sama. Tsibiran suna kan layi ɗaya da Sahel, iskar da ke busar da gonakinmu ita ke busar da nasu, sai dai su teku ta kewaye su, babu kudun da mutum zai gangara da ƙafa. Daga 1941 zuwa 1943, sannan 1947 zuwa 1948, fari da yunwa sun hallaka dubun dubatar mutane, a ƙasar da jama'arta a lokacin ba su kai 200,000 ba. Wanda ya samu jirgi ya shiga. Tun kafin nan ma, jiragen Amurkawa masu farautar manyan kifayen teku sun riƙa ɗibar samari daga tsibiran Brava da Fogo, abin da ya sa har gobe garuruwan New Bedford da Brockton a jihar Massachusetts cike suke da jikokinsu. Wasu gwamnatin mulkin mallaka ta tura su aikin ƙarfi a gonakin koko na São Tomé. Wasu suka zama ma'aikatan jiragen ruwa suka yada zango a Rotterdam. Wasu suka tafi leburancin gini a Lisbon, mata suka tafi aikatau Italiya, wasu suka sauka nan kusa a Dakar. Yau 'yan asalin ƙasar da ke waje sun fi na gida yawa.

Bahaushe ya san wannan tafiya, yana ma da suna da ya ba ta: ci-rani. Bambancin kawai shi ne ɗan ci-raninmu yana jiran hadarin farko ya ɗaure kayansa ya koma gona, nasu kuwa damina ta ƙi zuwa shekara da shekaru, har ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka haifi jikoki a bakin tashar jiragen ruwan Rotterdam. Mukan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To su dai gidansu bai bar su ba, kuma wannan ba zancen daɗin baki ba ne, a rubuce yake cikin tsarin mulki. Majalisar dokokin ƙasar kujeru 72 gare ta, shida daga ciki na mazauna waje ne: biyu na waɗanda ke sauran ƙasashen Afirka, biyu na nahiyar Amurka, biyu na Turai da sauran duniya. Suna kaɗa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa daga inda suke. Kuɗin da suke aikowa na cikin ginshiƙan da ke riƙe da tattalin arzikin tsibiran. Su da kansu suna kiran mazauna wajen da suna tsibiri na sha ɗaya. Mutumin da ke zaɓen shugaban ƙasa, yake da wakili a majalisa, yake gina wa kakarsa ɗaki a São Vicente, ranar da ɗansa ya sa rigar ƙasar sai a ce an yi hayarsa? Daga hannun wa aka hayo shi?

Shekaru da dama ma akasin haka ake yi, wasu ne ke cin moriyar 'ya'yan tsibiran. Ƙasar ta samu 'yancin kai ranar 5 ga Yuli 1975. Tawagarta ta buga wasanta na farko a 1978, Gini ta ci ta ɗaya da nema. An kafa hukumar ƙwallon ƙafa a 1982, ta shiga FIFA a 1986, daga nan kuma sai dogon shiru. A shekarar 2000 tana ta 182 a jerin FIFA, can ƙasan tukunya inda ba mai leƙawa. A tsawon waɗannan shekaru da bayansu jinin Cape Verde yana ta cin kofuna a ƙarƙashin tutocin wasu. Henrik Larsson, gwarzon Suwidin da Celtic, mahaifinsa ɗan Cape Verde ne. Patrick Vieira, wanda magoya bayan Arsenal na unguwarmu ba sa gajiya da ambato, a Dakar aka haife shi, kuma sunan Vieira daga dangin mahaifiyarsa 'yan asalin tsibiran ya gado shi. Nani na Manchester United asalinsa can ne. Rolando da Gelson Martins a kan tsibiran ma aka yanke musu cibi, amma Fotugal suka yi wa wasa. Ban taɓa jin Alhaji ya ce Fotugal ta yi haya ba. Idan ruwa ya gangara daga matalauci zuwa mai kuɗi sai a ce haka Allah ya tsara, ranar da ya juyo da baya ne ake neman suna mara daɗi a laƙaba masa.

Juyowar ta fara a hankali. A 2000 suka karɓi baƙuncin kofin Amílcar Cabral, ƙaramar gasa ta ƙasashen yankin da aka sa wa sunan jagoran gwagwarmayar 'yancinsu, suka kuma cinye shi. Sai FIFA ta sassauta dokar sauya ƙasa a 2004, ta ƙara sassautawa a 2009, yadda yaron da ya buga wa wata ƙasa a matakin matasa zai iya komawa ƙasar iyayensa. Hukumar ƙwallon Cape Verde, wadda ba ta da kuɗin gina makarantun horar da yara irin na Faransa, ta yi abin da mai hankali zai yi: ta ɗauki jerin sunaye ta shiga bin dangi gida-gida, daga ƙananan kulob na Fotugal zuwa unguwannin Rotterdam. A watan Mayun 2010 suka riƙe Fotugal canjaras babu ci, da Cristiano Ronaldo a cikin fili, ana saura 'yan makonni a fara gasar duniya a Afirka ta Kudu.

Wanda ya fara kai su gasar cin kofin Afirka sunansa Lúcio Antunes, kuma ba koci ne sana'arsa ta asali ba. Ma'aikacin filin jirgin sama ne a tsibirin Sal, cikin masu ba jirage umarnin sauka da tashi; hutu ya ɗauka daga aiki ya riƙe tawagar. A zagayen ƙarshe na neman gurbin gasar 2013 aka haɗa su da Kamaru. Suka ci biyu da nema a Praia. Hankalin Kamaru ya tashi, aka lallaso Samuel Eto'o ya dawo domin wasa na biyu a Yaoundé, Kamaru ta ci biyu da ɗaya, bai isa ba. Haka zakuna suka zauna a gida, ƙasar da yawancinmu ba mu iya nuna ta a taswira ba ta tafi. Su suka buɗe gasar da mai masauki Afirka ta Kudu, aka tashi babu ci. Suka yi kunnen doki ɗaya da ɗaya da Maroko, suka doke Angola biyu da ɗaya bayan an fara cin su, Antunes ya shiga ɗakin 'yan jarida ya ɓarke da waƙa. Ghana ce ta tsayar da su a kwata fainal da ƙwallaye biyu na Mubarak Wakaso. Mu a lokacin hankalinmu na kan Stephen Keshi da kofin da ya ɗauko mana, shi ya sa kaɗan ne cikinmu suka lura.

Abin da ya same su daga baya a shekarar 2013 ya fi kama da tatsuniya. A wasannin neman gurbin gasar duniya ta 2014 sun fara da rashin nasara, har Equatorial Guinea ta ci su huɗu da uku a Malabo. Sai FIFA ta gano cewa Emilio Nsue, wanda ya zura uku a wasan, takardunsa na sauya ƙasa ba su cika ba. Aka soke sakamakon aka ba Cape Verde. Mataccen fata ya farfaɗo. A watan Satumba suka je har gidan Tunisiya suka ci ta biyu da nema, suka hau saman rukuni. Ba a gama murna ba sai ga wata takardar: ɗan bayansu Fernando Varela, wanda aka ba jan kati a wancan wasa na Malabo, bai gama cika dakatarwar da aka yi masa ba. Su a lissafinsu tunda an soke wasan, an soke katin. FIFA ta ce ba haka ba ne, ta ba Tunisiya uku da nema. Takarda ta tashe su, takarda ta kwantar da su, duk a cikin 'yan watanni. Kafin wani ya yi musu dariya, ya tuna mu ma an ƙwace mana sakamakon wasan Aljeriya a 2017 saboda an sa Shehu Abdullahi alhali yana da katunan gargaɗi biyu, Allah ya taimake mu mun riga mun samu gurbi. Afirka ta Kudu ma an zaftare mata maki uku a 2025 kan irin wannan sakaci.

Tunda an ambaci Equatorial Guinea, ga inda Alhaji zai samu 'yan hayar da yake nema. Shi Nsue ba ya cikinsu, mahaifinsa ɗan ƙasar ne, matsalarsa ta takarda ce. Amma a waɗancan shekaru ƙasar ta riƙa raba fasfo ga 'yan wasa daga Brazil da Kolombiya da wasu ƙasashen Afirka waɗanda ba su da ko kakan kaka a can, kuɗin man fetur ne kawai ya kira su. Wannan ita ce haya, a biya ka ka zo, kwangila ta ƙare ka kama gabanka. Cape Verde ba ta da mai, ba ta da zinariya, kifi ne da gishiri da 'yan yawon buɗe ido. Ko tana son yin haya, da me za ta biya?

Labarin Roberto Lopes, wanda ake kira Pico, ya isa misali. A Dublin aka haife shi, uwa 'yar Ireland, uba ɗan Cape Verde. Ya yi aikin banki yana buga ƙwallo a gefe kafin ya koma Shamrock Rovers ya riƙe ta sana'a. Wata rana saƙo ya shigo masa a LinkedIn, dandalin da mutane ke neman aikin ofis, ba inda ɗan ƙwallo ke sa ran kiran ƙasa ba. Saƙon da harshen Fotugal aka rubuta, shi kuwa ba ya ji. Ya ɗauka irin tarkacen saƙonnin nan ne da ke cika wa mutum waya, ya share. Ashe kocin ƙasar ne na lokacin, Rui Águas, da kansa. Bayan wata tara kocin ya sake rubutowa da Turanci yana tambaya ko ya yi tunani a kan maganar. Nan Pico ya koma ya kwafi tsohon saƙon ya sa a manhajar fassara, ya ga abin da ya yi wata tara yana kwance a wayarsa. Ya ba da haƙuri, ya tattara takardun mahaifinsa, ya fara buga wa ƙasar a 2019. Tun daga nan yana tsakiyar bayansu.

Mutane kan ba da labarin nan don a yi dariya, ni kuwa wani abu nake gani a ciki. Kocin ƙasa guda ya zauna yana bin sunayen 'yan wasan gasar Ireland, gasar da ko a gidajen kallonmu ba a nunawa, don ya ji an ce akwai wani mai suna Lopes. Ya rubuta, aka yi banza da shi, bai yi fushi ba, ya sake rubutawa. Wannan aikin mai neman dangi ne. Duk wanda ya taɓa zuwa zangon Kumasi ko Nima a Accra, ko ya haɗu da Hausawan Sudan da kakanninsu suka tsaya a hanyar Makka, ya san yadda abin yake. Za ka ga saurayi bai taɓa taka Katsina ba, Hausarsa ma ta gauraya da wani harshe, amma ka tambaye shi ya ce maka shi Bakatsine ne, har ya faɗa maka unguwar kakansa. Ranar da ya zo gida ba wanda zai ce masa baƙo, cewa za a yi ɗanmu ya dawo. Ban ga dalilin da zai sa mu hana wasu abin da muke yi wa namu ba.

Sai dai ba zan ce Alhaji bai da gaskiya ko ta ƙwayar zarra ba. Da yawa cikin yaran nan, da Fotugal ko Holan ta kira su tun farko, da can za su tafi. Bebé, wanda Manchester United ta saya a 2010 aka yi ta yi mata dariya, sai da ya haura shekara talatin, bayan ƙofar Fotugal ta rufe, sannan ya sa shuɗiyar riga. Har yanzu zaɓaɓɓun cikin zaɓaɓɓu manyan ƙasashe ke kwashewa. Wannan gaskiya ce, kuma haka take a kan Najeriya: Bukayo Saka bai zo ba, Jamal Musiala bai zo ba. Amma wanda ya zo a makare bai zama bare ba saboda makararsa. Ranar da Bebé ya narka bugun tazara daga kusan tsakiyar fili a ragar Mozambik a watan Janairun 2024, gidan kallon da nake ciki sai da benci ya kife, har da waɗanda suka shekara goma sha uku suna yi masa ba'a.

Inda maganarsa ta fi nauyi shi ne batun ƙwallon cikin gida. Kowane tsibiri da gasarsa, zakarun ne ke haɗuwa a fitar da gwanin ƙasa, kuma kafin kulob ya je ya buga da wani sai ya hau jirgin sama ko na ruwa. Yawancin 'yan wasan gida suna da wata sana'ar da suke ci da ita. Mindelense, kulob ɗin da ya fi kowa yawan kofuna a ƙasar, ba a jin ɗuriyarsa a gasannin kulob na nahiyar. Babban filin wasan Praia mai ɗaukar mutum 15,000 ma ƙasar Sin ce ta gina, aka buɗe shi a 2014. Idan tawagar ƙasa tana shawagi a sama alhali yaron da ke buga ƙwallo a rairayin Boa Vista ba shi da tsanin hawa sai ya tsallaka Lisbon, to akwai gyara. Kuma jikan da aka haifa a Rotterdam yana jin Kriolu a bakin kakarsa. Ɗan jikan fa? Igiyar tana sirancewa da kowane ƙarni. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma kuɗin da za su samu daga gasar duniya a nan ya kamata a gan shi. Amma ko a nan, a lura cewa ƙashin bayan tawagar ba duka daga waje ya zo ba. Kyaftin Ryan Mendes, wanda ya fi kowa buga mata wasa da ci mata ƙwallo, da gola Vozinha, da tsohon ɗan baya Stopira, duk a tsibiran aka haife su, a can suka fara kafin su fita neman abinci kamar yadda iyayensu suka yi.

Kocin ma ɗan gida ne. Sunansa Pedro Leitão Brito, amma ba mai kiransa haka, Bubista ake ce masa, yadda ake furta sunan tsibirinsu Boa Vista da Kriolu, kamar dai a ce wa mutum Ɗankano ko Ɗanborno. Tsohon ɗan baya ne kuma tsohon kyaftin ɗin tawagar. An ba shi aikin a farkon 2020, kuma mu 'yan Najeriya mun ɗanɗana hannunsa da wuri. A Satumban 2021 a Mindelo su suka fara cin mu, Osimhen ya farke, sannan wani ɗan wasansu ya mayar wa golansa ƙwallo ta wuce ta kansa ta faɗa raga; da wannan kyauta muka tsira. A Nuwamba a filin Teslim Balogun na Legas Osimhen ya ci tun minti na farko, Stopira ya farke bayan 'yan mintuna, muka ƙarasa wasan hannu a ƙirji, domin da sun ƙara ɗaya su za su wuce, mu mu zauna. A gasar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa suka doke Ghana biyu da ɗaya, suka lallasa Mozambik uku da nema, suka yi biyu da biyu da Masar, suka fitar da Muritaniya, sai a kwata fainal golan Afirka ta Kudu Ronwen Williams ya tare musu fenareti huɗu.

Daga nan abubuwa suka lalace. A watan Yunin 2024 Kamaru ta zazzaga musu huɗu da ɗaya a Yaoundé. A ƙarshen shekarar suka kasa samun gurbin gasar Afirka ta 2025, su ne ma na ƙarshe a rukunin da Botswana ta fito. A ƙasashe da yawa a filin jirgi za a miƙa wa koci takardar sallama. Ba su kore shi ba. A tsawon zaman Bubista, Super Eagles ta ga Rohr, ta ga Eguavoen, ta ga Peseiro, ta ga Finidi, ta sake ganin Eguavoen, sannan Eric Chelle. Kamaru kuwa ta shafe 2024 ana kokawa tsakanin hukumar ƙwallo ta Eto'o da ma'aikatar wasanni a kan wa ke da ikon naɗa koci. Tawagar da 'yan wasanta ke warwatse a ƙasashe fiye da goma, wasu Turancin Ireland ne a bakinsu, wasu Faransanci, wasu harshen Holan, ba ta haɗuwa sai da mutum ɗaya da ya daɗe yana ɗaure tsintsiyar. Ƙaramar ƙasa ba ta da yawan da za ta yi ɓarna da shi, wataƙila shi ya koya musu haƙuri.

A watan Satumban 2025 Kamaru ta zo Praia. Dailon Livramento, haifaffen Rotterdam, ya ƙwace ƙwallo tun daga tsakiyar fili ya sheƙa da ita shi kaɗai ya jefa a raga, aka tashi ɗaya da nema. A Tripoli Libiya tana gaba da uku da ɗaya suka farke aka tashi uku da uku. Ranar wasan ƙarshe da Eswatini gwamnati ta sallami ma'aikata da rana tsaka. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, filin ya yi jugum. Da aka dawo Livramento ya ci, Willy Semedo haifaffen Faransa ya ƙara, sannan a ƙarshen wasa aka sako Stopira, yana da shekara 37, ya zura ta uku. Biyu daga tsibiri na sha ɗaya, ɗaya daga Praia, a shekarar da ƙasar ta cika hamsin da samun 'yanci. Maki 23 a wasa goma, Kamaru mai zuwa gasar duniya sau takwas tana da 19.

Masu cewa faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48 ne ya taimake su ba su yi ƙarya ba. A tsohon tsari, da gurbi biyar kacal na Afirka, jagorar rukuni sai ta sake buga wasa gida da waje kafin ta wuce. Amma ƙofar da aka faɗaɗa ba su kaɗai aka faɗaɗa wa ba. A buɗe take lokacin da Lesotho ta riƙe mu kunnen doki a Uyo, da lokacin da Zimbabwe ta riƙe mu sau biyu, da lokacin da 'yan wasanmu suka ƙi fita atisaye a Rabat saboda bashin alawus, kwana biyu kafin wasan cike gurbi. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da Kamaru, ta juyo ta fitar da mu a bugun fenareti. Bayan kwana biyu Curaçao, wani tsibiri a yankin Karibiyan mai mutane ƙasa da 200,000, ta samu nata gurbin da tawagar da kusan dukkanta a Holan aka haife ta. Ranar ban je teburin mai shayi ba, na san abin da zan tarar.

Da aka raba rukunan gasar duniya a watan Disamban 2025, Cape Verde ta faɗa tare da Sifaniya da Uruguay da Saudiyya, kuma da Sifaniya za ta fara. Na samu Alhaji na ce masa ko ya tuna wasan farko na Sifaniya a gasar 2010, wanda Suwizalan ta ci ta ɗaya da nema a Durban. Ya ce ya tuna sarai, a gidan wane muka kalla, har wuta ta ɗauke aka tayar da janareta. Na ce to wanda ya ci ƙwallon nan, Gelson Fernandes, a Praia aka haife shi, yana yaro aka tafi da shi Turai.

Alhaji ya juya cokali a kofinsa ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "To shi wannan, su wa suka yi hayarsa?"

Na ce, "Alhaji, ai tambayar da nake ta yi maka ke nan tun Oktoba."

Ya ce wa mai shayi ya ƙara masa madara.